A Gyara Taswirar Afirka, Amma a Koya wa Yara Abin da Ke Cikinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon a ba ni fili in sa baki a maganar da ta taso tun watan Agustan 2025, lokacin da Tarayyar Afirka ta goyi bayan a daina aiki da tsohuwar taswirar duniya ta Mercator a makarantu da ofisoshi, a koma ga wadda ke nuna girman kowace nahiya yadda Allah ya yi ta. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na sha ƙurar alli a azuzuwan sakandare har na yi ritaya, don haka maganar ta taɓa ni ƙwarai. Na yi murna da ita. Amma ina da ƙari a kai, kuma ƙarin ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara da yi wa mai taswirar adalci. Gerardus Mercator ya zana ta a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa, kuma ta yi musu aikin da suke so, domin tana nuna wa matuƙi alƙiblar da zai riƙe ya isa inda ya nufa. Matsalarta ita ce duniya a dunƙule take, takarda kuwa a shimfiɗe. Wanda ya ɓare lemo ya so ya shimfiɗa ɓawon a kan faranti, dole ko dai ya yage shi ko ya ja gefensa. Mercator jan gefe ya yi. Ƙasashen da ke can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu suka kumbura, mu da ke tsakiya muka tsaya yadda muke. Shi ya sa yaro zai dubi bangon aji ya ga tsibirin Girinlan ya kusa kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. Ƙasar Aljeriya ita kaɗai ta fi Girinlan faɗi. Nahiyarmu ta ɗara murabba'in kilomita miliyan 30, Asiya ce kawai ta fi ta. A zuba Amurka da Sin da Indiya a cikinta, za a sami ragowar fili da ya fi Nijeriya sau bakwai. Daga gaɓar Tunisiya zuwa ƙarshen Afirka ta Kudu wajen kilomita 8,000 ne, daga Dakar zuwa ƙahon Somaliya wajen 7,400.

To, duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata kowane yaro ya sani. Sai dai abin da nake tsoro shi ne mu tsaya a nan. A canza takardar bango, a yi tafi, a ce an ƙwato wa Afirka mutuncinta, alhali yaron da ke zaune ƙarƙashin sabuwar taswirar bai san dalilin da ya sa gero ke yi a Katsina doya ke yi a Binuwai ba, bai san daga ina hazon hunturu ke zuwa ba, bai san me ya kai Hausawa Kumasi ta Gana da Sinnar ta Sudan ba. Girma shi ne mafi sauƙin abin da za a koya game da nahiya. Abin da ya fi shi amfani shi ne sanin yadda aka shimfiɗa ƙasar, domin shimfiɗar ce ta tsara hanyoyin da kakanninmu suka bi, da abincin da suka ci, da inda daulolinsu suka tsaya.

Ga abin da nake fara nuna wa ɗalibai a kowace shekara. Layin Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, ya ratsa Afirka kusan ta tsakiyarta, ta Gabon da Kwango da Uganda da Kenya da Somaliya. A nan ruwan sama ya fi yawa, a nan kurmi yake. Kana yin arewa ruwa na raguwa, kana yin kudu ma haka, har ka ƙare a Sahara ta wannan gefe, a Kalahari da Namib ta wancan. Ba sai mun je nesa ba. Kalaba na samun ruwan da ya kusa milimita 3,000 a shekara, Kano wajen 800, Agadas kuwa ba ta cika ganin 200 ba. Saboda haka ƙasar ta zama jeri-jeri daga gabas zuwa yamma: hamada, sannan Sahel mai ƙaya da makiyaya, sannan ƙasar gero da dawa, sannan daji mai doguwar ciyawa, sannan kurmi. Wanda ya fahimci wannan ya riƙe mabuɗin rabin tarihinmu. Mutum in ya yi gabas ko yamma, ƙasa iri ɗaya zai yi ta gani, zai iya noma gerona da ya saba, shanunsa za su sami ciyawar da suka sani. Wannan hanyar ƙaura ce da zama. In kuwa ya yi arewa ko kudu, kowane zango zai tarar da abin da babu a garinsu, kuma abin da ya ɗauko daga gida yana da tsada a can. Wannan hanyar fatauci ce. Ƙasar Hausa a mahaɗar hanyoyin nan biyu take zaune, kuma shi ne sirrin Kano da Katsina.

Mu ɗauki hanyar kudu, wadda na fi sani, domin kakana na wajen uba Ba'agale ne, fataucin goro ya gada. Goro ba ya yi a ƙasarmu a wancan zamani, sai a kurmin Asante. Fatake kan tashi daga Kano da rani da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙaƙen riguna na rini da jan fata da gabu, ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba. Su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci shekara. Ina yaro na ga yadda tsohon yake kula da goro, ko da yake a lokacin a mota ake kawo shi. Zai kwance huhu a inuwa, ya ɗaga ganyen da aka lulluɓe shi, ya riƙa ɗaukar goro ɗaya-ɗaya yana juyawa a tafin hannu. Wanda sankara ta taɓa ya ware shi gefe, don kada ya ɓata 'yan'uwansa. Ya yayyafa ruwa kaɗan, ya sake ganye, ya ɗaure tam. Yakan ce haka ubansa ke yi a kan hanya bayan 'yan kwanaki, in ba haka ba kafin a iso gida an yi asarar kaya. Ka duba wannan wahala, ya Edita, a kan hanyar da babu kwalta, babu gada. Da yawa daga cikin unguwannin zango da ke Kumasi da Akara da Tamale da Lome daga irin wannan tafiya suka samo asali. Shi kansa Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji, da goron Gwanja ya fara kafin gyaɗa.

Akwai kuma dalilin da ya sa fatake suka shiga kurmi amma dawakin sarakuna ba su shige shi ba. Ƙudan tsando ne. Cizonsa ke sa wa doki da saniya sammore. Daulolin da ƙarfinsu ke kan doki, irin su Mali da Sanwai da Barno da daular Usmaniyya ta Sakkwato, duk a ƙasar ciyawa suka bazu, suna isa bakin kurmi ƙarfinsu ya ragu. Ɗan ƙaramin ƙwaro ya shata iyakar da dakaru suka kasa ƙetarewa. Littattafan tarihi na makaranta sukan cika shafi da sunayen sarakuna su manta da shi, ni kuwa a ganina ya cancanci babi guda.

Hanyar arewa ita ce wadda aka fi yi wa rashin adalci. Yau in an ce Sahara sai a tuna da matasan da ke mutuwa a hanyar Libiya, Allah ya jiƙansu, ko kuma a ɗauke ta katanga ce da ta raba "Afirka ta Arewa" da "Afirka kudu da Sahara", kamar dai ba nahiya ɗaya ba ce. Faɗinta wajen murabba'in kilomita miliyan 9, gaskiya ne, kuma ƙetare ta ba wasa ba ne. Amma tun da raƙumi ya yawaita a cikinta ba ta taɓa hana zumunci ba. Daga Kano a bi ta Damagaram da Agadas da Gat da Gadamus a fita Tarabulus. Daga Barno a bi ta Bilma da Fezzan. Daga Tambutu a bi ta Tagaza a fita Maroko. Ta yamma Wangarawa suka zo Kano daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. Ta cikin hamada Shehu Magili ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya kafa kasuwar Kurmi. Sarkin Mali Mansa Musa ya ratsa ta zuwa Makka a 1324. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira saboda ɗalibansu da alhazansu. Da Bajamushen nan Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna tafiya har Tambutu da Gat da Tarabulus. Fatar jan akuyar Sakkwato ta isa Turai ana kiranta fatar Maroko, don kawai ta hannun mutanen arewa ta fita.

Kuma hanyar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Har yanzu Abzinawa na kora ayarin raƙuma daga duwatsun Azbin su ratsa hamadar Tenere, tafiyar fiye da kilomita 500, zuwa Fashi da Bilma, su kai gero su ɗauko gishiri da dabino, sannan su gangaro kudu da rani. Duk wanda ya tashi a Katsina ko Maraɗi a zamaninmu ya san kantun gishirin nan, dogo mai faɗin gindi, launinsa kamar ƙasa, an naɗe shi a tabarmar kaba an ɗaure a gefen raƙumi. Makiyayi zai saya ya fasa wa dabbobinsa su lasa. Gishiri daga arewa, goro daga kudu, hatsi da tufafi daga tsakiya. Abin da ya karya babban fataucin Tarabulus shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Daga ranar fuskar kasuwancinmu ta juya daga hamada zuwa teku, kuma a hankali muka fara mantawa cewa muna da maƙwabta a arewa.

Wani abin da ɗalibaina ba sa yarda da shi sai sun ga hoto shi ne cewa Sahara ba ta kasance hamada tun fil'azal ba. Tsakanin shekaru wajen 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, ciyawa ce da tafkuna. A Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya fi mita 5. A duwatsun Tasili na Aljeriya akwai zanen garken shanu da makiyayansu, a wurin da yau ko akuya ba za ta rayu ba sai da wahala. A Gobero, cikin Tenere, an tono makabarta tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. Mu ma muna da tamu shaidar a gida. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako. Da masana suka tono, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, shekarunsa wajen 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A wancan zamani tafkin Chadi ya haura murabba'in kilomita 300,000. A farkon shekarun 1960 yana wajen 25,000, bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Busasshen gindin tsohon tafkin, a kwarin Bodele na arewacin Chadi, shi ne babbar matattarar ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa ta rufe mana rana, ta hana jirgi sauka a Kano. Wani kason ƙurar ma har ƙetare Atlantika yake yi ya sauka a kurmin Amazon. Yaron da ya san wannan, in ya ji ana maganar kwararowar hamada da rikicin manoma da makiyaya, zai gane cewa ƙasa tana motsi, mutane na bin ruwa tun kafin a san wani abu wai shi Nijeriya. Wannan ba ya wanke wanda ya ɗauki makami, ba ya kuma wanke hukumar da ta yi sakaci da burtali. Amma yana hana a ɗauki matsalar ta ƙabila ce kawai.

Sai hanyar gabas, wadda ita ce ta fi sosa mini rai a 'yan shekarun nan. Kafin jirgin sama, alhajin ƙasar Hausa da ƙafa yake tafiya: Barno, ya ƙetare kogin Shari ta inda Injamena take yanzu, Wadai, Darfur, Ubayyid, ya ƙetare Nilu, ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ba a yin ta a shekara guda. Mutum zai tsaya ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ko ya yi ɗinki ko wanzanci, ya tara guzuri ya ƙara gaba. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne abin da na faɗa a baya: ƙasar iri ɗaya ce tun daga Sanagal har Bahar Maliya, manomin gero ba baƙo ba ne a ko'ina cikinta. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, gumin mutanenmu na cikin abin da ya raya su. Wan kakata ta wajen uwa yana cikin waɗanda suka tafi hajji ba su dawo ba, zuriyarsa na can. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 muke samun labarinsu jefi-jefi ta waya, yau suna nan gobe sun yi gudun hijira. Amma sau nawa na ji matasa masu ilimi suna maganar yaƙin kamar abin da ke faruwa a wata duniya, ba su san akwai masu jin Hausa da yawa a cikin waɗanda ake kora daga gidajensu ba. Wannan rashin sani ba laifinsu ba ne. Ba a koya musu ba.

Koguna kuwa labarinsu daban ne. Afirka tudu ce mai faɗi, gefenta ya gangara da sauri zuwa teku. Shi ya sa manyan kogunanmu, duk da tsawonsu, ba su zama hanyar jirgi daga teku zuwa tsakiyar ƙasa ba yadda wasu kogunan Turai suka zama. Kogin Kwango ya fi kowane kogi ruwa a duniya in ban da Amazon, amma tsakanin Kinshasa da Matadi duwatsu ne da ruwa mai faɗowa, jirgi ba ya wucewa. Nilu, mai tsawon wajen kilomita 6,650, shi ma yana da irin waɗannan wurare tsakanin Khartum da Aswan. Kwara tamu ta fi kowa abin mamaki. Ta ɓuɓɓugo a tsaunukan Gini, kilomita 240 kacal daga teku, amma ta juya wa tekun baya ta nufi hamada har Tambutu, sannan ta karyo ta Gawo da Yamai da Yawuri, ta haɗu da Binuwai a Lakwaja, ta faɗa Atlantika bayan tafiyar kusan kilomita 4,200. Turawa sun daɗe suna gardama a kan inda take ƙarewa. Mungo Park, Baturen da ya bi sawun kogin, ya rasa ransa a duwatsun Busa a 1806, sai a 1830 'yan'uwan nan biyu Lander suka bi ta har bakin teku. Ina jin takaici in na ga an rubuta wa yara cewa su ne suka "gano" kogin, alhali Sarkawa da Nufawa da Kyadawa sun shekara ɗaruruwa suna kamun kifi da fito a cikinsa.

Ba zan yi wa nahiyar kwalliyar ƙarya ba. Hanyoyin nan da nake yabo, bayi ma sun bi su, a ɗaure. An kai su arewa ta hamada ƙarni bayan ƙarni, an kuma loda wajen mutum miliyan 12 da rabi a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka. Akwai Hausawa a cikinsu, har suka yi ta tayar da ƙayar baya a Bahiya ta ƙasar Brazil a farkon ƙarni na 19. Kuma da hannun sarakuna da attajiran Afirka a cinikin, har da namu. Darasin da ya ɓoye wannan ba darasi ba ne.

Sauran sassan nahiyar ma yaro na da haƙƙin ya san su, ko da a taƙaice. Ya san cewa mafi tsufan ƙasusuwan mutum irinmu da masu bincike suka tono a Maroko aka same su. Ya san cewa hijirar farko ta sahabbai zuwa Habasha aka yi ta, wajen Najjashi. Ya san dalar Sudan, wato gine-ginen kaburburan sarakunan dā, ta fi ta Masar yawa, ya san ganuwar dutse ta Zimbabwe da biranen Suwahili irin su Kilwa da ke ciniki da Indiya da Sin ta hanyar iskar teku. Ya san mutanen Nok, a kudancin Kaduna, suna narkar da ƙarfe fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ya san cewa harsunan Bantu, da ake yi tun daga Kamaru har Afirka ta Kudu, daga yankin iyakar Nijeriya da Kamaru suka bazu. Ya san Habasha ta kori Italiya a Adwa a 1896. Ya san Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, da ƙanƙara a kansa kusa da Ikwaita.

Daga nan sai a zo kan layukan da ke cikin taswira, waɗanda sabon zane ba zai goge su ba. An zauna a Berlin daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 aka tsara ƙa'idar rabon nahiyar, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Iyakarmu da Nijar, mai tsawon wajen kilomita 1,500, ta faro ne daga layin da Ingila da Faransa suka ja a 1890 daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Chadi. Suka yi ta gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, domin Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Layin ya bi daga gabas zuwa yamma, ya datse hanyar fataucin da ke bi daga arewa zuwa kudu. Ya raba Katsina da Maraɗi, alhali Katsinawa ne suka kafa sarautar Maraɗi. Ya raba Gobir biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan. Mu da ke zaune kusa da Jibiya mun ga abin da rufe iyaka ya yi a 2019, mun sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023. Na ga motocin albasa da na dabbobi sun yi layi har kaya suka lalace. Na ga mace ta kasa zuwa ta'aziyyar mahaifiyarta a garin da ba shi da nisa. Waɗanda suka yanke hukuncin suna kallon ƙasashe biyu a takarda, mu kuwa kasuwa ɗaya muke ci, maƙabarta ɗaya kakanninmu suke. Ƙasashe 16 na Afirka ba su da gaɓar teku, Nijar da Chadi na cikinsu, rayuwarsu ta dogara da hanyar maƙwabta. An sa hannu a yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka a Kigali a 2018, ana kuma shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi. Ina goyon bayan duka biyun da zuciya ɗaya, domin ba baƙon abu ake ƙirƙira ba, tsohuwar hanya ake buɗewa.

Abin da ya kawo mu wannan hali a bayyane yake. An cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 aka sanar da dawo da shi. Labarin ƙasa ya zama darasin ganin dama a babbar sakandare, ɗalibai da yawa na guje masa. Na koyar a makarantar da babu taswirar bango ko ɗaya, sai in zana Afirka a allo da hannuna kafin a fara darasi. Kakanninmu ba su da taswira amma sun san nahiyar da tafin ƙafarsu. Jikokinsu ba su taka ba, ba a kuma nuna musu a takarda ba.

Don haka ga roƙona gare ku. Ku ware ko da rabin shafi ne a mako domin labarin ƙasa da tarihin Afirka da Hausa, kogi ɗaya ko hanya ɗaya ko birni ɗaya a kowane fitowa. Duk lokacin da za ku buga labarin Sudan ko Mali ko gabashin Kwango, ku sa 'yar ƙaramar taswira a gefe mai nuna inda wurin yake da nisansa daga Kano. Ku tura wakilanku su zauna da tsofaffin da suka je hajji ta ƙasa, da jikokin madugai, da direbobin da ke kai kaya Agadas da Kumasi da Injamena, a ɗauki bayaninsu tun suna raye, domin kullum raguwa suke yi. Ina kuma kira ga hukumomin ilimi na jihohinmu, in za a sayi sabuwar taswira, a haɗa da ta ruwan sama da ta tsofaffin hanyoyin fatake, a buga sunayen garuruwa yadda muke kiransu, a kai kowace makaranta har ta ƙauye. In kun buɗe filin, a shirye nake in fara aiko muku da bayani a kan Kwara, daga tsaunukan Gini zuwa Lakwaja, kuma na san tsofaffin abokan aikina a Sakkwato da Damagaram da Maiduguri za su karɓi nasu kason.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Katsina.